Hanyar Kano da Iyakar Garwa

Farin alli na fara gani. Ɗan tabo ne a kan shuɗiyar atamfa, daidai inda ta ɗora yatsunta tana duba ko zanen zai zuba. A shekarun da ake caje mutane a ƙofar kasuwar Jimeta ne, lokacin da tashin bama-bamai ya sa kowa yana kallon jakar ɗan'uwansa, ni kuma ina tsaron rumfar atamfar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana. Ta ga tabon, ta kama bakin hijabinta za ta goge, na ce ta bar shi. Ta ce ita malamar firamare ce a Karewa, alli ba ya barin hannunta ko ranar Asabar. Ba ta sayi atamfar ba, wai launin ya yi mata duhu. Tana fita na ninke turmin, na tura shi can ƙarƙashin tebur, ban sake nuna wa kowa shi ba.

Ni mutum ne da littattafan soyayya na kasuwa suka rena. Tun ina sakandare nake karɓar hayarsu, in ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi cewa idan ka ga wadda Allah ya rubuta maka, iska takan tsaya, kuma duk wahalar da za ta biyo baya ado ce kawai, shafin ƙarshe naka ne. Da wannan ilimin na tunkari Malama. Na daɗe ƙwarai kafin in iya tambayar gidansu, na kuma daɗe kafin in je. Amma a shekarar da ta gabaci annobar korona na zama mai zuwa zance duk Juma'a da Lahadi bayan la'asar. Daga Limawa nake hawa kekena zuwa Karewa, in jingine shi a jikin darbejiyar ƙofar gidansu, in kira ta a waya, ta fito mu tsaya a inuwa.

Mahaifinta ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, asalinsu cikin garin Yola, ya yi ritaya ya zauna a gidan da ya gina a Karewa. A lokacin da nake zuwa yana can majalisarsu a gefen masallaci. Idan tsautsayi ya sa muka yi kiciɓis, sai in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, ya wuce. Haka ya kamata, kuma haka kowa ya fi samun sauƙi.

Ana fara jin labarin cutar daga nesa Malama ta gaya mini abin da ya hana ni barci. Ta ce akwai wani ɗan'uwansu ta wajen mahaifiyarta a Garwa, cikin Kamaru, likitan dabbobi ne, kuma mutanensa sun fara yi wa Dada magana. Dada take kiran mahaifiyarta. Ta ce ita ta shaida wa mahaifinta cewa akwai wani a Limawa, shi kuma ya ce to, ya turo manyansa.

"Mutumin ba shi da aibu, kar in yi maka ƙarya," in ji ta. "Kai na fi so. Amma ba zan yi ta ce wa Dada a jira ba, alhali ba wanda ya taka ƙofar gidan nan da sunanka."

Babban da zai taka ƙofar shi ne baffana, yayan mahaifina, wanda yake sayar da atamfa a Kano. Na kira shi a ranar. Ya yi murna, ya ce in ba shi ɗan lokaci ya sallami wasu kaya, zai taho da kansa. Kafin ya sallami kayan aka rufe iyakar ƙasa ruf, aka kulle mu a gida, daga baya aka hana shiga wata jiha daga wata. Baffa ya maƙale a Kano. Mutanen Garwa suka maƙale a Garwa. Ni kuwa na zauna a tsakiya da lissafi guda ɗaya a kaina: wace ƙofa za a fara buɗewa, hanyar Kano ko iyakar Kamaru? Idan hanya ce, Malama tawa ce. Idan iyaka ce, na rasa ta.

Inna, mahaifiyata, ba ta ga abin lissafi a ciki ba. Tana tankaɗe ta ce, "Ga limamin unguwa, ga maƙwabcinmu da ya yi zaman rumfa da ubanka. Su sa riga su je mana. Neman aure ne ko ɗaukar dutse?"

Na kai wa Baffa wannan shawara, sai da na janye wayar daga kunnena.

"Ina numfashi? Ina numfashi za a je nema wa ɗan ƙanena aure da mutanen aro? A gidan Fulanin Yola, masu tambayar kakan kakanka? So kake su ce ba ku da kowa? Ka jira ni. Kullen nan kwana nawa zai yi?"

Maganar gaskiya, maganarsa ta yi mini daɗi. Na riga na gama ganin ranar a zuciyata: Baffa ya sauko daga mota da babbar riga mai aiki har gwiwa, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure, Malama tana leƙe ta taga. Liman da silifas ɗinsa ba ya cikin wannan hoton.

Ranar da aka ɗan sassauta kulle don mutane su sayi abinci, na ɗauki keke na bi lunguna zuwa Karewa. Rumfarmu tana rufe, don atamfa ba abinci ba ce, saboda haka lokaci kam ina da shi har ya yi mini yawa. Na tanadi kalaman da zan gaya mata, na yi ta maimaita su a hanya. Ina shan kwanar layinsu sai na ja birki. A ƙarƙashin darbejiyata, daidai inda nake jingine keke, mahaifinta ne zaune a kujerar roba, rediyo a cinyarsa. An rufe masallaci, majalisa ta watse, ya kwaso zamansa ya dawo ƙofar gida. Can nesa da shi kaɗan wani dattijo siriri yana zaune da takunkumi har ƙasan ido, ga bokiti mai famfo da sabulu a tsakaninsu.

Juyawa ba ta yiwu ba, sun riga sun gan ni. Na sauka, na durƙusa.

"Jabbama, mai atamfa," in ji mahaifinta, yana yi mini maraba da Fulatanci. Ashe ya san ni sarai. "Wanke hannu, kar Hedimasta ya suma. Wayanka yana da intanet? Yawwa. Zauna ka duba mana Italiya."

Dattijon mai takunkumi kawun Malama ne, ƙanin Dada, tsohon shugaban makaranta. Daga cikin Yola yake lallaɓowa a tsohuwar motarsa duk ranar da hanya ta samu. Shi yana kiran maigidan Darakta, maigidan yana kiransa Hedimasta, kuma na fahimci sun shekara da shekaru ba su yarda da juna a kan komai ba. Da can suna da mutanen majalisa masu raba su. Yanzu sai ni.

Na duba Italiya, na karanta musu adadin waɗanda suka mutu a ranar. Kawu ya yi salati.

"Ka ji ko, Darakta? Ƙasa mai asibitoci kamar otal. Sun yi wasa da farko, ga shi nan. Chaina da ta rufe gari guda, ta hana ko kaza fita, ba ga shi sun fara komawa aiki ba?"

"Chaina!" Darakta ya buga cinyarsa. "Kai ka ƙirga musu? Abin da suka ga dama shi za su faɗa. Mai atamfa, duba mana wancan ƙasan, wanda bai rufe komai ba."

"Suwidin, Baba."

"Shi. Yara suna makaranta, mutane suna shan shayinsu. Sun ƙare?"

Na karanta. Kawu ya ce adadin ya fi na maƙwabtansu da suka rufe. Darakta ya ce amma bai kai na Ingila da ta rufe ba. Kawu ya ce ai mutanen Ingila sun fi yawa, sai a raba da yawan jama'a, ko Darakta ya manta rabawa tun da ya bar ofis? Darakta ya ce shi da ya yi aiki da fayil ya san yadda ake dafa adadi, ba kamar wanda ya ƙare rayuwarsa yana dukan 'ya'yan mutane a kan jadawalin sau ba. Suka sa ni rabawa a waya. Na raba. Kowannensu ya ce sakamakon shi ya gaskata.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Malama ta fito da tire, jug na zoɓo da kofuna uku. Ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida mai karanta mitar wuta, ta koma. Idonta ya ɗan taɓa nawa, kuma na ga dariya a ciki. Shi ke nan zancen ranar. Kalaman da na tanada na mayar da su gida ba a taɓa ba.

Na ɗauka abin na rana ɗaya ne. Ashe na samu aiki. Duk ranar da na zo suna nan, kuma wanda yake neman 'yar mutum ba ya ce masa, Baba, ka ɗan matsa in ga 'yarka. Ba ya kuma miƙewa alhali dattijo yana magana. Idan na ƙi zuwa, washegari Malama ta ce a waya, "Baba yana tambayar mai intanet." Wayar ma ba ta da daɗi, gidansu cike yake da 'yan makarantar da aka koro, duk inda ta tsaya akwai kunne. Sai in zo, in wanke hannu, in zauna a kan benci, in zagaya da su duniya. Amurka, Indiya, Saudiyya da ta rufe Umara, Nijar da ta hana jam'i, Tanzaniya da ta ce addu'a ta isa. Bangon da ke bayana kawai ya raba ni da ita. Wani lokaci ina jin muryarta tana yi wa ƙannenta karatu, ni kuwa ina nan ina karanta gawarwakin mutanen da ban sani ba.

Darakta bai yarda da kulle ba ko kaɗan. Hujjarsa kullum ɗaya ce.

"Lokacin da mutanen Mubi suka gudo, nawa muka kwana a gidan nan? Har a garejin mota akwai mata. Bam ya tashi a kasuwa, washegari an share an kasa tumatir. Ba mu rufe masallaci ba. Yanzu saboda tari za a ce mai turin baro ya zauna a ɗaki? Ya ci me? Yunwa ba ya cikin lissafinku, don shi ba a gwada shi a asibiti."

"Bam kana ganin ramin da ya bari," in ji Kawu. "Wannan a hannun jikanka zai shigo maka. Kuma da kake cewa namu kaɗan ne, wa aka gwada? Mutum ya rasu da safe, kafin azahar mun kai shi. Wa ya rubuta? Turawa suna ƙirga nasu ne, mu muna cewa ajali."

"To ba ajalin ba ne?"

"Ajali ne. Amma kai ma kana duba hagu da dama kafin ka tsallaka titi."

A wannan gardamar ni ba ɗan kallo ba ne, ko da yake ba su san dalili ba, ko kuma haka na zata. Kowane adadi da na karanta, auna shi nake da aurena. Da azumi ya kama, labari ya fara zuwa daga Kano cewa dattawa suna ta rasuwa, masu haƙar kabari sun gaji. Wasu suka ce korona ce, wasu suka ce zafi ne da zazzaɓi da rufe asibitoci. Darakta da Kawu suka yi kwanaki a kan wannan. Ni abin da na ji kawai shi ne, hanyar Kano ba za ta buɗu nan kusa ba. Sai kuma aka ce Kamaru ta sassauta, an bar wuraren shaƙatawa su buɗe, motoci su ɗauki fasinja. Darakta ya yi ta murna kamar shi ya ba su shawara.

"Ka ga mutanen da suka san talaka! Nan da Garwa tafiyar yini ma bai kai ba. Rana ɗaya, kogi ɗaya, fura ɗaya. Su suna kasuwa, mu muna ɗaki. Cutan yana duba fasfo ne?"

Ranar ce na fara sa baki ba a tambaye ni ba. Na ce a ganina, Baba, abin da ya dace shi ne a buɗe hanyoyin cikin gida, jiha da jiha, tunda duk ƙasa ɗaya ce, amma iyaka a ƙara mata kwaɗo, don sassaucin Kamaru haɗari ne gare mu. Na kawo misalin ƙasashen da ke tsakiyar teku, da suka rufe ƙofa suka zauna lafiya a ciki. Na yi magana mai tsawo, har da ɗaga yatsa.

Suka kalli juna. Kawu ya sauke takunkuminsa, karo na farko da na ga bakinsa.

"Wato mutumin Kano, inda ake ta jana'iza, ya shigo. Mutumin Garwa ya tsaya."

"E, Kawu. Saboda tsari."

"Saboda tsari," in ji Darakta, yana gyara eriyar rediyo. "Hedimasta, yaron nan da gwamna ne, da mun ga tsari."

Suka yi dariya har Kawu ya ƙware. Na bi su da murmushi. Ga azumi, ga zafin Jimeta na kafin ruwa, wanda ko inuwar darbejiya ba ta iya masa. Zoɓon ma da ke fito da Malama azumi ya ɗauke shi. Sai in yi zaman awowi ban ga ko gefen hijabinta ba, in hau keke in koma Limawa kafin dokar hana fita, maƙogwaro a bushe, kaina cike da Beljiyam da Barazil.

A goman ƙarshe ta kira ni da hantsi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Dada ta ce bayan Salla za a ba su amsa. Ka turo ko wane ne. Ko mai gadin kasuwa ne, ya sa hula ya zo."

"Baffa ya rantse. Kin san halin manya."

"Na san halin nawa manyan dai."

"Ki kwantar da hankalinki. Su ma ai ba su da hanya. Kullum ina dubawa, ba ranar buɗe iyaka. Duk wanda ya yi haƙuri a irin wannan..."

"Don Allah kar ka karanto mini littafi," ta katse ni. "Ba sai sun zo ba. Ka ji abin da na ce? Ba sai sun zo ba."

Na ji, amma na ɗauke shi a matsayin irin tsoratarwar da masoyiya take yi don a ƙara ƙaimi. Duk da haka na sake kiran Baffa. Muryarsa ta canja. Ya lissafa mini abokansa na kasuwa da aka binne a cikin azumin nan, ya ce shi ko ƙofar gida ba ya fita. Na ce akwai direbobin da ke bi ta daji da fasinja. Ya ce da ciwon sukarinsa zan sa shi a hanyar daji? Na ce to ya yi wa liman izini ya wakilce shi. Ya ce idan na ƙagu in nuna wa duniya ba ni da uba, bismilla. Da na gaya wa Inna, ta ce da tun farko ba a tambaye shi ba da sauƙi, amma yanzu da ya furta, tsallake shi yanke zumunci ne, kuma ƙannena mata suna nan tafe, shi ne waliyyinsu. Na fita tsakar gida na tsaya a rana, na rasa wanda zan ji haushi. Baffa yana da gaskiyarsa, Inna tana da tata. Sai na koma jin haushin gwamnatocin duniya, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan Salla da 'yan kwanaki, ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Na tafi Karewa da labari mai daɗi, don an fara raɗe-raɗin za a buɗe hanyoyin jihohi. Na tarar an share ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi biyu, ana naɗe su. Kawu yana shiga motarsa da babbar riga fara, ba takunkumi. Ya ɗaga mini hannu, bai tsaya ba. A kan bencina akwai faranti da sauran goro da dabino.

Darakta ya nuna mini bencin. Rediyon yana kashe.

"Yau ba sai ka duba mana komai ba," in ji shi.

Ya daɗe yana kallon titi. Na san abin da yake shirin yi ya saɓa wa duk tarbiyyarsa, don mutum irinsa ba ya zancen auren 'yarsa da saurayi.

"Yaron Garwa, ubansa yayan Hedimasta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Can ya zauna tun yana saurayi. Ka gane? Baffan yaron shi ne wanda kake raba masa lissafi kullum. Waya ɗaya aka yi masa daga can, ya zama wakili. Tun kafin azumi yake ɗauke da maganan a aljihu. Ni na ce ya dakata, akwai wani."

Na san Kawu kawunta ne. Na san mutumin Garwa ɗan'uwan Dada ne. Ban taɓa ɗaura zaren biyu ba, domin a kaina Kamaru wata ƙasa ce mai tuta da adadinta daban a waya, ba wani ɓangare na gidan da nake zaune a ƙofarsa ba.

"Na zaunar da kai na ga hankalinka," ya ci gaba. "Ba ka da laifi, sai dai tsari." Ya ɗan murmusa, murmushin bai zauna ba. "Kullum ina duba bayanka ko akwai mai hula. Ko ɗaya. Yau an tambaye ta a gaban uwarta, ta amsa da bakinta. Ka ɗauki goro."

Na ɗauka. Wannan ne abin da ya fi ba ni takaici har yau, cewa na sa hannu na ɗauki goron, na ce Allah ya sanya alheri, na durƙusa na yi sallama yadda ya kamata.

Washegari ta kira ni, kuma ita ce magana ta ƙarshe tsakaninmu. Na fara cewa an raba mu, ƙaddara ta shiga tsakani. Ta ce a'a.

"Ba wanda ya raba mu, ba wanda ya tilasta ni. Na jira har inda na ce zan jira. Ina jin muryarka ta bango kullum, kana ta gyara wa Turawa ƙasarsu." Na ji tana jan hanci. "Allah ya ba ka wadda ta fi ni."

An ɗaura auren da mutane kaɗan, kamar yadda doka ta ce a lokacin, ango yana can Garwa. Da damina ta yi nisa aka kai ta. Na so a ce ta kogin Binuwai aka tafi da ita, a jirgin ruwa, in tsaya a kan gada in ga ta ɓace, ko ba komai in samu abin tunawa mai kyau. Amma a mota aka kai ta wani ƙauyen bakin iyaka, aka tsallaka da ita ta hanyar da danginsu suke bi zuwa suna da ta'aziyya tun kafin a haife ni. Iyakar da na dogara da ita tana nan a rufe, a rediyo.

Hanyar Kano kuwa an buɗe ta ba da daɗewa ba. Baffa ya iso da babbar rigarsa a cikin leda, ya rame. Ya ci tuwo, ya ce Allah bai yi ba, ya ce mata suna da yawa. Da aka buɗe kasuwa na janyo shuɗin turmin daga ƙarƙashin tebur, na warware shi ina neman tabon. Babu. Alli ne, ya daɗe da kakkaɓewa. Inna ta ɗinka zani da shi.

Har yanzu idan na ji masana a rediyo suna waiwayen wace ƙasa ce ta yi daidai a annobar, wadda ta rufe ko wadda ta bari, sai in kashe. Ba su gama ba, kuma na san ba za su gama ba. Na yi wannan karatun a kan benci, na ga inda yake kai mutum.

Darakta dai bai sake ni ba. Bayan an koma masallaci da majalisa, ya riƙa biyowa ta rumfa idan ya shigo kasuwa, ya zauna a kan kujerar masu ciniki ya ja ni da gardama. Da na yi aure daga baya, ya zo ɗaurin, ya zauna a sahun gaba kusa da Baffa. Bayan wasu shekaru Dada ta rasu, idonsa ya fara dushewa, sai 'yar tasa ta zo ta tafi da shi Garwa. Yanzu can yake, a ƙasar da ya yi ta yabo a ƙarƙashin darbejiya, kuma ba abin da ya gamshe shi a cikinta. Yakan sa a kira masa ni ranar Juma'a bayan la'asar. Burodinsu ya cika tauri, jandarmominsu ba su san girman dattijo ba, rediyonsu duk Faransanci. A kiran da ya yi na baya-bayan nan har cewa ya yi, in aka duba da kyau, mu ne muka fi su iya riƙe annobar nan, don mu aƙalla mun rufe.

Na ce, "Baba, ba kai ne ka ce cutar ba ta duba fasfo ba?"

"Ni? Yaushe? Hedimasta ne ya faɗa. Mai atamfa, kana da intanet a kusa? Duba mana."

A bayansa na ji ana ajiye tire, da wata murya da na sani tana cewa ya sha kafin ya huce.